Kawu Ilu Mai Sauraren Tayil

Duk wanda ya san Kawu Ilu a Kankiya ya san sallama kaɗai ba ta shigar da shi gida. Sai ya cire takalmi, ya durƙusa, ya ƙwanƙwasa daɓen da zoben azurfarsa, ƙwas, ya karkata kunne. Sai ya gama da ƙasa sannan ya gaida masu gida. Mu 'ya'yan ƙanwarsa mun sha kunya! Ranar da ya fara zuwa ɗakina a Kusada, mijina na miƙa masa hannu, shi ko yana durƙushe yana cewa, "Dakata, Malam, ana yi man magana."

Sa tayil ne sana'arsa, kuma ba a yi masa wayo a kanti. Sai ya juya tayil ya tofa masa yawu a baya, ya zuba ido.

"In ya shanye, seramik ne, a kai shi bango," in ji shi. "In ya tsaya yana kallonka, fosilin ne, taka shi har jikokinka."

Wata rana mai kantin ya gaji. "Haba Ilu! Ga ruwa nan a buta!"

"Ruwa na alwala ne. Wanga kyauta Allah ya ba ni."

Amma abin da ya faru a ƙauyen Fakuwa ne ya sa mutane suka fara yi masa kallon tsoro. Wani manomi, Alhaji Sale, ya gina wa iyalinsa sabon ɗaki, Kawu ya shimfiɗa masa manyan tayil, masu santimita sittin-sittin. Ya gama yana bi da zobe ɗaya bayan ɗaya, ya zo kusurwar gabas sai ya tsaya cik.

"Alhaji, na buga sau ɗaya, an amsa man sau biyu."

"Siminti ne bai cika ba, Ilu."

"Ni na zuba simintin. A fasa."

Alhaji ya rantse ba mai fasa masa sabon ɗaki. Kawu ya koma kusurwar. Ya naɗe ƙafa a kan tayil ɗin tun hantsi, aka kawo fura ya ƙi sha, salla ma a nan ya yi ta. Da la'asar Alhaji ya gaji ya ɗauko guduma. Ba su yi nisa da haƙa ba suka tarar da ruɓaɓɓen itace a jere, suka ɗaga, wata iska mai sanyi ta bugo su. Rijiya ce. Aka jefa dutse, aka daɗe ana jira kafin a ji saukarsa. Daidai nan za a ajiye gadon yara. Duk garin ba wanda ya san da ita sai wata tsohuwa, ta ce tana ƙarama aka rufe ta. Aka tambaye ta dalili, ta ja mayafi ta koma gida.

Ana ta salati, sai ga muryar Kawu daga ƙasa yana tsince ɓaraguzai: "Ku bi a hankali hwa, kada ku take man su, wanga zai yi bakin ƙofa!"

Sai kuma surukata, Hajiya Yalwa. Ita tayil mai sheƙi take so, irin wanda kake ganin fuskarka a ciki. Kawu ya ce mai kaushi za a sa, mai sheƙin in ya sha ruwa santsi gare shi. Ta ce ɗakinta ne. Ya ce to. Ya jera guda huɗu a ƙasa don ta gani, ya goge da hularsa, ni da Hajiya muka leƙa. Sai ya ɗago ya dube mu, ya sake duban ƙasa.

"Hajiya, mu nawa ne a ɗakin ga?"

"Uku mana. Ni da kai da Binta."

"To wa ke tsaye a bayanki?"

Wallahi ban san Hajiya na iya gudu ba sai ranar! Daga tsakar gida take ihu a kwashe su, a kawo mai kaushin.

Na raka shi zaure ina dariya har da hawaye. Na ce, "Kawu, ka iya dabara."

Ya ce, "Gwiwarta ba lafiya, ɗiyata. In ta zame, shi ke nan." Ya sa takalminsa, ya ɗan tsaya. "Amma hwa huɗun na gani."

Har yau ba na son share ɗakin nan ni kaɗai.

Aikinsa na ƙarshe masallaci ne a Dudunni. Malam Audu mai haƙar kabari ne ya ba mu labarin. Ya ce ranar Alhamis bayan azahar ya tarar da Kawu kwance miƙe a kan sabon daɓen, yana ƙirga tayil daga kai zuwa dunduniya.

"Ilu, lafiya?"

"Lau. Sittin-sittin uku ne ni, cif. Ka riƙe, Audu: uku a tsawo, ɗaya a faɗi. Kada ka ƙara, ɓarnar ƙarfi ne."

Audu ya yi dariya ya ce Allah ya shirye ka. Kawu ya tashi ya sa layin ƙarshe, ya cike tsakanin da farin siminti, ya wanke kayan aikinsa tas. Ranar Asabar da safe ya karya kumallo, ya jingina da bango, ko ciwon kai bai ce yana yi ba. Shi ke nan.

Audu ya ce ya auna ukun nan a maƙabarta, bai ƙara ko yatsa ba. Aka kawo Kawu, ya shiga daidai.

"Ni dai jira nake," in ji Audu, "ya ɗago ya ce gefen hagu ya karkace." Muka kwashe da dariya a zaman makoki, dariyar ta juye kuka.

Allah ya jiƙan Kawu Ilu, ya yafe masa kurakuransa. Ya Allah, kai kam kada ka bi awonsa. Ka yalwata masa makwancin nan iyakar ganinsa, ka cika shi da haske. Amin.