Sarkin Rum da Ya Ƙi Aska

Ni wanzami ne ɗan wanzami, kuma a gidanmu ba a gadon aska ita kaɗai, sai an haɗa wa mutum da baki. Ubana yakan ce hannu ya yi aski, baki ya ɗauke hankalin mai kai. Shi da awo yake yin nasa. Ni kuwa in na fara, kai yakan ƙare labari bai kai rabi ba, har mutum ya ce in sake jiƙa masa in bi ta biyu.

A shekarun farko da zuwan Turawa garin Lafiya, wani babban mai sarauta nake yi wa aski, kowace Juma'a da hantsi, a zaurensa na ciki. Shi ne maigidana, inuwarsa nake ci. Mutum ne mai jiki, wuyansa ninki uku, in zan aske ƙarƙashin haɓarsa sai na ɗaga ninki ɗaya na leƙa kamar mai neman allura a tabarma. Da can yana da dariya. Amma tun da labari ya fara zuwa daga arewa cewa an tuɓe wane, an kai wane wani gari ya zauna ba rawani, dariyarsa ta ƙafe. Ko kaza ta yi kuka a ƙofar gida sai ya tambayi wa ya aiko ta.

Ana cikin haka wani Bature ya zo rangadi ya sauka a bariki bayan gari. Askarsa ta dakushe, aka aiko neman wanzami, maigida ya ce in je. Na rataya zabirata na tafi. Gemunsa ja ne kamar gashin masara, fatarsa kuwa ka rantse in ka hura ta za ta yage. Da na kai aska kan maƙogwaronsa sai ya yi dariya, ya yi magana. Ni dai na ce tawa ta ƙare. Tafintansa, wani mutumin bakin Kwara da mace da namiji duk ɗaya suke a Hausarsa, ya ce in kwantar da hankali, Bature ya tuna wani sarkin Rum ne na zamanin da, wanda tsoron wanzami ya hana shi aski.

Nan na ji labarin. Uban sarkin, in ji shi, mutum ne mai ilimi da haƙuri, rabin ransa a fagen yaƙi, rabi a kan takarda. Ya mutu ya bar wa ɗansa ƙasa tun yana saurayi. Ɗan ya yi sulhu da abokan gaba ya komo birni don wasa. Ya yafa fatar zaki, ya riƙe kulki, ya shiga filin kallo da kansa yana harbin jimina da damisa, manyan gari suna tafa masa don wanda bai tafa ba ya san sauran. Ya sake wa birnin suna da nasa, har watannin shekara ya raɗa musu sunayensa. 'Yar uwarsa ta ƙulla a kashe shi, abin bai yiwu ba, daga nan ya daina yarda da kowa. Ya kashe wazirai ɗaya bayan ɗaya. Gemunsa kuwa da garwashi yake babbake shi, don kada wani ya tsaya a kansa da aska. Bature ya kai labarin har ƙarshe, ya ba ni gwangwani wofi mai hoton saniya, na dawo gida ina jin kaina kamar na sauke karatu.

Abin da Bature ya faɗa bai fi cikin cokali ba. Tafinta ya mai da shi ludayi. Kafin Juma'a ni na mai da shi tulu. Da na jiƙa wa maigida fuska na fara, jiminar nan ta zama dubu, zaki yana yi wa sarki fifita, warin gemunsa yana korar ungulu daga mahauta. Na gama kumatun dama, na ɗaga ninkin wuya, na ɗora aska daidai inda jijiya take bugawa, ina cewa ai sarkin nan ya san duk mai mulki ransa yana hannun wanzaminsa sau ɗaya a mako. Ina dariya na faɗi haka. Ni kaɗai nake yi.

Maigida ya kama wuyan hannuna, ya janye shi a hankali daga jikinsa. Bai ɗaga murya ba.

“Wa ya ba ka labarin nan?”

Na ce Bature, ranka ya daɗe.

“Ni da na kai masa gaisuwa da rago, kalma biyar ya yi mini. Kai ya zaunar da kai ya ba ka tarihin sarki guda. Don ka kai wa wa?”

Sai a lokacin hankalina ya dawo gida. A fada babba ba ya yi wa babba kashedi baki da baki. Labari ake ba maroƙi ko wanzami, a bar shi ya kai, mai kunne ya ji. Ni da na girma a cikin wannan, na manta, don daɗin jimina. A wurin maigida abu biyu ne: ko Bature yana gaya masa kwanansa a sarauta ya ƙare, ko kuwa an riga an saye hannun da ke riƙe da aska. Ya sa aka je gidana aka ɗauko gwangwanin nan, mutum uku suka shinshina shi. Ya naɗe rawani ya rufe fuska, rabi a aske rabi da gashi, ya tafi masallaci. Ni aka ce in je gida, kada in wuce ƙofar gari.

Makon nan ban san ɗanɗanon tuwo ba. Magana ta fita. Waɗanda kullum suke layi a ƙofata suka riƙa bi ta bayan gida, har mai ciwon kai da ya saba zuwa ƙaho ya ga gara ya zauna da ciwonsa. Matata ta ce mu gudu wajen danginta. Na ce wanda ya gudu ya amsa laifi, kuma da wannan tumbin nawa ko Azuba da ke nan kusa ba zan kai ba za a cim mini. Na rame har wandona ya nemi wani mai shi. In akuya ta taɓa ƙyaure sai in fara salati.

Ran Juma'a aka aiko in zo da zabira.

A zauren ba kowa sai maigida da ɗan kokawarsa. Wannan wani ƙato ne da maigida ya ɗauko daga ƙauye yana ci da shi, ba a taɓa kai bayansa ƙasa ba a duk dandalin da na sani. Mutum ne marar hayaniya. Ni na yi wa 'yarsa askin suna, Baba Wanzam yake ce mini, in ya gan ni da kaya yakan karɓa. Maigida ya ce masa ya tsaya a bayana ya dafa kafaɗuna. In ya ga jini, ko na cizon sauro ne, ya karya mini wuya. Sa'an nan ya kwance rawani, ya miƙa mini haɓa, ya ce in gama askin, in kuma gama labarin.

Hannuwan nan biyu suka sauka a kafaɗuna kamar turmi biyu. Ina jin numfashinsa a ƙeyata. Na wasa aska a fata har sau nawa ban sani ba. Na ɗora. Gashin mako biyu ne a gefe ɗaya, mai tauri, aska tana kama shi tana ƙara. Gumi yana shiga idona, ba halin in share. Na bi kunci da ƙyar, na sauko haɓa, na zo ninkin wuya.

“Sarkin naka,” in ji maigida, maƙogwaronsa yana motsi a ƙarƙashin askata, “wanzamin ne ya kashe shi?”

Na ce a'a, ranka ya daɗe, wanzami bai taɓa shi ba.

“To wa?”

Ni da nake ƙera ƙarya goma kafin karin kumallo, ran nan na laluba cikina ban sami ko ɗaya ba. Da na ce zazzaɓi ne, ko doki ya kayar da shi, da shi ke nan. Amma tsoro ya share komai ya bar mini abin da Bature ya faɗa tsirara.

“An sa masa guba, ya amayar. Sai aka aika ɗan kokawarsa, ya same shi a wurin wanka, ya shaƙe shi.”

Na ji hannuwan nan sun yi sauƙi a kafaɗuna, sannu a hankali, har suka tashi. Idon maigida ya bar fuskata ya hau sama da kaina, ya tsaya can. Ya daɗe. Daga baya ya ce wa ƙaton ya fita ya jira a waje, ni kuma in ci gaba. Na ƙarasa wuyan nan ninki uku ba ko ƙwarzane. Ya shafa, ya ce in dawo Juma'a mai zuwa, amma in bar bakina a gida.

Kafin la'asar an gaya wa ɗan kokawa ya kwashe iyalinsa ya koma gonar maigida a Arikya, ya yi gadin doya, kada a sake ganinsa a gidan. Ina zaune a ƙofata na hango shi tafe, tabarma a ka, matarsa a baya da goyo. Ya ratso ya nufo ni. Ya tsaya har inuwarsa ta rufe ni, ya sauke tabarmar.

“Baba Wanzam, tsakaninka da Allah, haka labarin yake, ko ƙarinka ne?”

Na rantse masa haka yake, ban ƙara ko gishiri ba.

Ya jinjina kai, ya ɗauki tabarmarsa ya aza.

“Duk garin nan ba wanda ya taɓa jin ka faɗi gaskiya,” in ji shi, “sai yau, a kaina.”

Na bi su da kallo har suka sha kwana wajen marina. Na shekara tara ina yi wa maigida aski bayan wannan, shiru kamar kurma, kuma ban taɓa yarda an aike ni Arikya ba, ko da askin suna ne.