Ƙahon da aka kafa wa Yaya

A Kano aka yi wa Yayata aikin ciwon daji na bakin mahaifa. Aka cire mahaifar gaba ɗaya, har da kaluluwar da ke kewaye da ita. Ni na yi jinyarta. Ranar da za a sallame mu, likitar ta zaunar da mu ta ce ƙafa za ta iya kumbura nan gaba, don ruwan jiki ya rasa hanyarsa ta komawa. In ta kumbura, a ɗora ta kan matashi, a dawo asibiti. Amma ko ƙaya kada a bari ta tsaga fatar, domin ciwo in ya shiga irin wannan ƙafa ba ya fita da daɗi.

Yaya ta zauna a wurina a Birnin Kudu har ruwan farko ya sauka. Daga nan ta ɗaure kayanta, wai gyaɗarta ba za ta shuka kanta ba. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'yar gonar nan ta ƙauyenmu Zandam, a ƙasar Gwaram, ita ce cinta da suturarta. Na yi magiya, na yi faɗa, ta tafi abinta.

Ana tsakiyar noma ƙafar hagu ta kumbura kamar turmi, takalmi ya ƙi shiga. Maƙwabta suka taru suka yanke cewa mataccen jini ne. Ba wanda ya tuna da ni. Labari ya kai kunnen wanzamin gidanmu, tsohon da ya cire mana belu muna jarirai, ya kuma yi wa 'ya'yan Yaya askin suna. Baba muke kiransa. Ba a aika masa ba, shi ya rataya zabirarsa ya zo, ya tsattsaga fatar da aska ya kafa ƙaho.

Da na samu labari na je, na tarar da ita kwance jiki zafi rau, ƙafar ta yi ja, tsagar tana ruwa. Raina ya ɓaci.

Na ce, “Yaya, ba a gabanki likita ta yi magana ba? Ko kunnen ma an haɗa an cire?”

Ta ce, “Ke dai bakinki ba linzami. Tsoho ya tako har ɗakina don tausayina. In dube shi in ce aikin da ya gada wurin ubansa zai cutar da ni? Da wane bakin?”

Sai na fashe da kuka. Muka ɗauko ta a mota zuwa asibiti a Birnin Kudu, aka yi ta allura da ƙarin ruwa. Zazzaɓin ya sauka, Allah ya bar mana ita. Ƙafar kuwa aikin gama ya gama. Ta ƙara girma, fatar ta yi kauri kamar ɓawon itace. Likita ya ja mana kunne cewa in ciwo ya sake shiga, a ƙafar ma ba zai tsaya ba. Gyaɗar shekarar wasu ne suka cire mata, kuma ba ta sake taka gonar ba.

Bayan kaka, Yaya na wurina, sai ga tsohon a ƙofar gidana, an goyo shi a babur tun daga ƙasar Gwaram, zabirar na kafaɗarsa. Na daɗe ina tanadin maganar da zan yaɓa masa. Yaya ta harare ni, ta ja mayafi ta rufe ƙafar, na haɗiye.

Suka gaisa. Idonsa ya yi rauni, sai lalube yake. Ya ce tun da aka tafi da ita hankalinsa bai kwanta ba, ya zo da kayan aiki, in an ƙara kafawa sau ɗaya sauran jinin zai fita.

Yaya ta ce, “Baba, ai ta warke. Hannunka da albarka, ba sai an ƙara ba.”

Fuskar tsohon ta washe. Ya yi mata doguwar addu'a, ya sha ruwa, aka mai da shi gida.

Sai da ƙarar babur ɗin ta yi nisa ta janye mayafin. Ta ce, “Zo ki ɗora min ita kan matashi, ta fi ƙarfina.”

Na durƙusa na ɗaga ta da hannu biyu.