Yadda Morenike Ta Gane Logaridim a Marina

Ni da Morenike tun muna 'yan mata muke rini a Itoku, cikin Abeokuta. Ita ce gwanar ninke zane da ɗaurewa kafin a tsoma shi a baba. Ta gama sakandare, amma lissafi ya kayar da ita, sai ta haƙura ta yi aure. Sai da autanta Tobi ya shiga jami'a ta ce za ta sake zana jarrabawar, kwalejin horon malamai take so.

"Iya Tobi, da furfurarki?" na ce. "Ai yara sai su zaci shugabar makaranta ce ta shigo."

"Sai su tashi su gaishe ni," in ji ta.

Ta shiga ajin yamma na wani malami, Oga Bankole. Komai lafiya lau har suka iso darasin lissafin da ake kira logaridim. Ranar da ta dawo ko tuwon amalar da na ajiye mata ba ta taɓa ba.

"Lamba ɗaya, yanzu amsa huɗu, anjima biyu, wai tushe ne ya canza," in ji ta. "Ni ban gane ba. Wane tushe? Na rogo?"

Daga nan ta daina zuwa. Ran Asabar sai ga Oga Bankole har marina. Ya tsaya yana kallon hannunta, can ya ce, "Anti, ninka zanen nan biyu-biyu har ya yi ruɓi goma sha shida. Sau nawa kika ninka?"

"Huɗu."

"Warware. Yanzu huɗu-huɗu."

"Sau biyu kawai."

"To, yadda kike ninkawa shi ne tushe. Sau nawa kika ninka, shi ne logaridim."

Ta jujjuya zanen. "In uku-uku ne fa? Tara, sai ashirin da bakwai. An tsallake sha shida."

"Amsar tana tsakanin biyu da uku ke nan. In kina son ta daidai, ki zo aji ran Litinin."

"Kai ɗan nan da wayo kake!"

Ta koma. Da sakamako ya fito ta ci, ba da maki mai yawa ba, amma ya isa. Ta yi ta rawa tsakanin tukwane har ta kusa faɗawa ɗaya.

Bana tana shekara ta biyu a kwaleji, an tura ta gwajin koyarwa wata firamare a Lafenwa. Ƙarshen mako takan dawo mu yi rini, tana ba ni labarin ɗalibanta ɗaya bayan ɗaya.