Haƙoran Yahuza Mai Yankan Farce

Shekara ashirin Yahuza yana yankan farce a Garki, bai taɓa barin farcen mutum a ƙasa ba. Yakan ƙunshe a takarda ya ce, "Oga, naka ne, je ka binne."

Ranar da aka cire masa haƙora shida aka sa na roba nan take, ya nemi nasa. Likita ta ce sun bi shara zuwa jujin Durumi.

Dasashi ya warke, na robar suka ƙi zama. Ran nan yana tsakar aiki, sai ya ji ƙugin katafila cikin muƙamuƙinsa. Ashe lokacin ake tone jujin, za a gina bene. Ya tofar da yawu, sai ga jar ƙasa.