Zoben Sukarin Baba

Jiya ina kakkaɓe saman kwaba, zoben sukarin Baba ya faɗo ya watse. Baba surukina ne, ya tsufa yana koyar da kimiyya a wani lise, wato makarantar sakandare, a unguwar Yantala. Da hannunsa ya mulmula ƴan ƙwallayen laka, ya shafa musu fenti, ya harhaɗa su da tsinken tsintsiya don nuna wa ɗalibai siffar ƙwayar sukari. Zoben kaɗai na roƙa cikin kayansa bayan rasuwarsa.

Na tuna ranar da ya shigo da shi madafa ina dama koko, hannun rigarsa duk alli.

"Ɗiyata, kin san abin da kike damawa? Irin zoben nan ne birjik, riƙe da hannun juna. Sukarin da ke yawo a jininki ma shi ne."

Na ce, "Haba Baba, ni da ban wuce aji uku ba?"

"Kunnenki ya fi na ƴan ajina. Baƙi biyar, ja ɗaya, su yi da'ira. Maimaita!"

Na yi ta maimaitawa har kokon ya yi gudaji. Haka ya sha abinsa yana dariya.

Jiya na durƙusa ina tsinta, ina faɗa da irin muryarsa, zoben kuwa ya haɗu. Amma baƙi ɗaya da wasu jajaye da ƙananan farare sun rage a tafina, ban san gurbinsu ba. Ranar kokon nan ya so ya ƙarasa min, na ce bari in sauke tukunya tukuna.

Na ƙulle su a tsumma kusa da zoben. Allah Ya haskaka makwancinka, Baba, Ya sada mu inda za ka ƙarasa min.