Kwalbatin Lungunmu a Cikin Waya

Ƙanina mai bi mini da ciwon sikila aka haife shi. Tun yana yaro damina ba lokacinsa ba ce. Da iskar hadari ta kaɗa, Inna za ta lulluɓe shi da bargo ta ɗora ruwan zafi, domin sanyi kaɗan ya isa ya tayar masa da ciwon ƙashi. Bai buga ƙwallo ba, bai yi wasan ruwa da sa'o'insa ba. Abin da ya samu shi ne wata tsohuwar kwamfuta da kawunmu ya ba shi. Da ya girma sai ya zama mai gyaran waya a wata 'yar rumfa kusa da Ƙofar Guga, ba nisa da gidanmu.

Lungunmu gangare ne, a ƙarshensa akwai kwalbati. Duk shekara leda da robobin lemo da tokar murhu sukan toshe shi, ruwa ya rasa hanya ya dawo mana cikin gidaje. Kowa ya san dalili, kowa kuma a nan yake zubar da shararsa, har da mu. Shekarar da katangar wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta faɗi ta danne mata awaki, an yi jaje, an zagi hukuma, rani na shigowa aka manta.

Ƙanina shi bai manta ba. Ya yi ta bin lungun yana ɗaukar hoton ƙofar kowane gida, mutane na cewa yaron nan ya rasa aikin yi. Ni a lokacin ina da aure a unguwar Gobarau, nakan leƙo gida da yamma in na taso daga makarantar da nake koyarwa. Wata rana ya miƙo mini wayarsa ya ce in gwada wani wasa da ya haɗa. Ina dubawa na ga lungunmu: ga masallaci, ga teburin mai shayi, ga shagon tela, ga ƙofarmu mai shuɗin fenti. Hadari yana haɗowa daga gabas, kai kuma kana jan leda daga bakin kwalbati da ɗan yatsa. In ka yi nawa ruwa ya sauko, sai ka ga yana shiga gidaje ɗaya bayan ɗaya. Na bar ruwa ya ci gidanmu sau da yawa, yana ta yi mini dariya.

Wasan ya bazu daga waya zuwa waya. Yara suka fara, sai iyaye mata suka karɓa, kowa na son ganin ƙofarsa. Wani dattijo mai sayar da hatsi ya zo har zaurenmu da fushi, ya ce an wulakanta shi, gidansa ne kullum ke fara nutsewa. Ƙanina ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya ce, "Baba, ba ni na zaɓa ba. Bara ma ta gidanka ruwa ya fara." Sai dattijon ya tambayi abin da ake so a yi.

A ƙarshen wasan akwai rubutu: ranar Asabar da safe a fito da shebur. Asabar ta farko ba a taru ba. Ta biyu dattijon nan ya yi magana a masallaci, ya kawo baro guda biyu, matasa suka shiga kwalbatin har gwiwa, mata suka aiko da kunu. Ƙanina ba shi da ƙarfin ɗaga shebur. Yana zaune a benci yana ɗaukar bidiyo, yana turawa a zauren da aka buɗe wa unguwa a waya. Ban taɓa ganin fuskarsa ta yi haske irin na wannan safiyar ba.

Ranar da aka yi ruwan farko mai ƙarfi, da la'asar ne, Inna tana kicin. Ya saci jiki ya fita, yana so ya ɗauki ruwan yana wucewa ta kwalbatin, mutane su ga aikinsu da idonsu. Ya ɗauka kuwa. Ruwa ne ja yana gudu ba abin da ya tare shi, ana jin muryarsa yana cewa, "Ku duba, ku duba." Ya dawo a jiƙe sharkaf, haƙoransa na haɗuwa.

Washegari ciwon ya tashi, ya kama ƙirjinsa. A asibiti matasan unguwa suka yi layi don ba shi jini, likitoci suka yi iya ƙoƙarinsu. Da ya ɗan farfaɗo na fara yi masa faɗan fitar da ya yi, sai ya riƙe hannuna ya ce, "Yaya, ruwa ya shiga gidan tsohuwa?" Na ce bai shiga ba. Bai cika mako ba Allah ya karɓi abinsa.

A zaman makoki tsohuwar ta zo tana dogara sanda, ta zauna kusa da Inna, ta yi ta addu'a. Daminar nan ba gidan da ruwa ya shiga a lungunmu.

An sake yin gayya a shekara ta gaba, ta bayanta kuma mutane suka ragu. Dattijon ya rasu, wasu matasan sun tafi neman abinci wasu garuruwa. Wasan ma ba ya buɗuwa a sababbin wayoyi, kuma babu mai gyara shi. Bana, da na ga leda ta fara taruwa, na rubuta a zauren unguwa cewa a fito ranar Asabar. Mutane kaɗan suka amsa. Inna ta ce ko mutum biyu ne suka zo za ta dama kunu, ta sa na sayo mata gero da tsamiya.