Goron Gwaggo

Mahaifina ya rasu bai bar hoto ba. Wanda aka taɓa ɗaukarsa na katin zaɓe, gara ta cinye shi a akwati tun ina yaro. Amma duk wanda ya san shi zai ce maka in kana son ganinsa ka je Mawashi ka kalli yayarsa, Gwaggo. Kamarsu ɗaya kamar an tsaga kara, har tsagen kumatu da yadda suke runtse ido ɗaya in za su yi magana. Shi ya sa na ɗora wa kaina sai na samu hoton fuskarta, don yarana su san kamannin kakansu.

Gwaggo kuwa ba ta hoto. Cewa take mai son ganinta ya san hanyar Mawashi. Na yi shekaru ina lallashi, ina kai mata sabulu da turare, tana karɓa tana yi mini dariya, wai ɗan Kankia ya zo sayen fuska.

Wata Juma'a da damina na je da sabuwar wayata, wadda aka cika ni da labarin kyamararta tun a shago. Ban san abin da ya sauko da Gwaggo ba ranar. Tana zaune a ƙofar ɗaki ta gyara ɗaurin kallabi ta ce, “To, ɗauka. Sau guda hwa, kada ka ishe ni.”

Ba a tsaya wa babba a kai, don haka na durƙusa a gabanta, kusa sosai, na ɗaga waya. Fuskarta ta fito tar, sai ka ce mahaifina nake kallo. Ita kuma Gwaggo a duniyarta duk wanda ya durƙusa gaisuwa ya zo, kuma ba a gaishe ta a tashi hannu banza. Sai ta kwance bakin zane ta miƙo mini goro, hannun ya zo daidai hancin wayar. Hoton ya yi tsalle, wani ɗan fure rawaya ya bayyana a gefe, yatsana kuwa ya riga ya sauka.

Na duba. Ga goro nan fari, har jijiyoyin jikinsa ana gani, ga lallen da ya koɗe a farcenta. Bayansu wani dishi-dishi ne mai kallabi.

Na roƙe ta ta bari in sake. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce magana ɗaya take yi, in dawo da Sallah ta gani. Ba ta kai Sallar ba.

Bayan sadakar bakwai matata ta karɓi wayar ta nuna mini. Wai kyamarar ce in abu ya matso kusa take sauya ido da kanta, ta koma ɗaukar ƙananan abubuwa. Furen nan alamarsa ce, in ka taɓa shi ya mutu. In ba ka so ya ƙara dawowa, ka shiga saitin kyamara ka kashe sauyawar, ka ce ta riƙe zaɓinka. Ta yi shi a tsaye, tana jijjiga goyo.

Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Waye ya aiki wayar nan? Na sayi waya ne ko na ɗauko mai ba ni shawara? Wani can da bai taɓa durƙusa wa tsohuwa ba ya zauna ya yanke cewa abin da ya fi kusa shi ne ya fi muhimmanci, ya kunna mini abin ba tare da ya tambaye ni ba, ya ɓoye makashinsa a ƙuryar saiti. Shishigi ne kawai. Ko yaron gida ka aika ya kawo ruwa ya dawo da fura, ai sai ka yi masa faɗa, balle ƙarfe.

Tun ranar furen nan a kashe yake, kuma duk wanda ya miƙo mini waya a wajen biki sai na duba tasa kafin in ɗauka. Wasu suna ganin na cika fitina, ban damu ba.

Kwanan baya ƙaramar ɗiyata tana wasa da wayar ta ci karo da hoton. Ta tambaye ni wace ce. Na ce Gwaggo ce, wadda take kama da kakanku. Ta sa yatsu biyu ta ja hoton, ta ƙara ja, tana neman fuskar. Sai goron ya cika wayar.